Bayan "Ka Yi Haƙuri", Sai Me?

A daren Alhamis, 10 ga Yuni 2021, 'yan bindiga suka shiga babban mazaunin Kwalejin Nuhu Bamalli da ke kan hanyar Kaduna. Ɗalibi ɗaya ya rasu sakamakon harbi, aka tafi da wasu ɗalibai da malamai daji, sai bayan kusan wata guda suka dawo. Jaridu sun ƙirga wanda ya rasu da waɗanda aka sace. Waɗanda ba a ƙirga ba su ne ɗaliban da suka kwana a ƙarƙashin gado suna jin harbi. Wani yayanmu a unguwa, nan Tudun Jukun, yana cikinsu. Ya ce mini ya fi shekara in babur ya yi ƙara a bayansa sai gwiwarsa ta sage, kuma bai gaya wa kowa ba, don duk wanda ya fara gaya wa, abin da zai ji bai wuce "ai ka gode wa Allah da ka tsira, ka yi haƙuri" ba.

Maganar gaskiya ce, kuma da kyakkyawar niyya ake faɗar ta. Matsalar ita ce sau da yawa da ita muke rufe zance. Darasinmu na wannan fitowa a kan abin da ya kamata ya biyo bayanta ne, a wurare biyu: in ɗan ɗakinka ko ƙawarki ta kai matakin tunanin kashe kanta, da kuma in mutuwar fuju'a ta faɗo cikin aji. Na haɗa su ne don suna da alaƙa. Wanda ya rasa na kusa da shi ta mummunar hanya, musamman in mamacin kansa ya kashe, yana cikin waɗanda masana suka ce a fi sa wa ido.

Abin da ya faru a ɗakinmu

Muna ND 1, mu uku muka kama ɗaki. Ɗayanmu mai barkwanci ne, shi ke dafa mana taliya, shi ke tashin mu sallar asuba. Zango na biyu ya canza. Ya daina zuwa lakca, ya bar ƙwallon yamma, abinci sai an yi da gaske. Rannan ya miƙa mini kalkuletarsa da takalminsa na ƙwallo ya ce, "Riƙe, mutumina, ba zan ƙara buƙatarsu ba." Na yi dariya na karɓa. Wallahi har godiya na yi.

Ɗayan ɗan ɗakin namu, wanda ya girme mu da 'yan shekaru, shi ne bai yi dariya ba. Da daddare ya ja shi waje suka zauna a kan dakali, ya ce masa, "Ɗan uwa, zan tambaye ka wani abu, kar ka ji haushina. Kana tunanin kashe kanka ne?" Shiru ya yi tsawo, sannan ya fashe da kuka. Ashe kuɗin makaranta da mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya ba shi, ya zuba su a wata harkar intanet da aka ce tana ninka kuɗi, suka tafi. Ga kariyoba biyu a kansa. A lissafinsa, gara Baba ya ji labarin mutuwarsa da ya ji labarin kuɗin.

Ku lura da wannan lissafi, don shi ne ainihin cutar. Mu da muke waje mun san babu uban da zai zaɓi buhun masara a kan ɗansa. Amma wanda tsananin damuwa ya danne, tunaninsa ƙuntata yake yi har ya daina ganin kowace ƙofa sai ɗaya, ya kuma yarda cewa shi kaya ne a kan mutanensa. Akasarin masu wannan tunani ba mutuwar suke so ba, ciwon suke so ya tsaya.

Girman abin

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ne. Saboda haka masu cewa ciwon Turawa ne su sake lale. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29, wato mu, yana cikin manyan abubuwa uku ko huɗu da suka fi kashe mutane a duniya. A nan gida kuwa iyali kan ɓoye, a ce zazzaɓi ne ko ajali ne kawai, saboda kunya da tsoron bakin mutane. Rashin jin labari ba ya nufin babu.

Babu wanda dalili ɗaya tak ke kaiwa can. Faɗuwa jarrabawa, ko yaudarar saurayi, ko bashin manhajar ba da lamuni, ko barazanar yaɗa hoton yarinya, waɗannan su ne abin da ake gani daga ƙarshe. A ƙarƙashinsu galibi akwai ciwon damuwa da ya daɗe, ko shan ƙwaya irin su tiramol da kodin, ko cin zarafi da aka yi wa mutum bai faɗa ba, ko kaɗaici. Dubban ɗalibai na faɗuwa jarrabawa su tashi su kakkaɓe riga.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wani lokaci haka ne: mutum ya janye daga jama'a, barcinsa ya lalace, ya daina wanka da kwalliya, ya riƙa rabar da kayansa, ya riƙa neman yafiya ba gaira ba dalili, ko ya sa sitatus na bankwana. Kalmomi irin "na gaji da duniyar nan", "kun kusa hutawa da ni", "da ban farka ba da ya fi" ba wasa ba ne ko da da murmushi aka faɗe su. Akwai kuma wata alama mai ruɗi: wanda ya yi makonni cikin ƙunci, kwatsam sai a ga ya sake, ya natsu, ba tare da matsalarsa ta warware ba. Wani lokaci natsuwar wanda ya yanke shawara ce. Amma fuska takan yi ƙarya, musamman tamu ta maza da aka horar da mu tun muna yara cewa namiji ba ya kuka. Shi ya sa ba a tsayawa ga fuska, bakin ake tambaya.

Tambayar da muke tsoro

Kusan kowa na tsoron cewa in ya ambaci abin, shi ya sa wa mutum tunanin a kai. An gwada wannan. A 2005 Madelyn Gould da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban sakandare sama da 2,000 a jihar New York ta Amurka: an yi wa wasu tambaya a kan tunanin kashe kai, wasu ba a yi musu ba. Waɗanda aka tambaya ba su ƙara shiga damuwa ba, tunanin bai ƙaru a cikinsu ba. Binciken da suka biyo baya sun tafi a kan haka. Wanda ba ya tunanin zai ce maka "a'uzubillahi, kai wane irin mutum ne", ku yi dariya a wuce. Wanda yake yi kuwa, wataƙila kai ne na farko da ya ba shi damar sauke kayan.

Yadda ake yi ba wuya. Ka keɓe da shi, ba a gaban 'yan ɗaki ba. Ka fara da abin da ka gani: "Na ga kwana biyu ba ka cin abinci, kuma jiya ka ce mun kusa hutawa da kai." Sannan ka yi tambayar kai tsaye, da sunanta. Kar ka ce "ba dai wani shirme kake shirin yi ba ko?", don wannan tambaya ta riga ta gaya masa amsar da kake so.

In ya ce e, to a nan ne yawancinmu ke ɓata aiki. Sai mu hau wa'azi: haramun ne, wuta za ka shiga, ka dubi 'yan gudun hijira, kai me aka yi maka? Ya san haramun ne. Tare kuka yi Islamiyya, ko in Kirista ne ya ji a coci tun yana yaro. Sanin ne ma ya sa ya kasa faɗa wa kowa. Imani katanga ce babba, mutane da yawa ita ta riƙe su, kuma lokacin tunatarwa zai zo. Amma a wannan daren kunnenka yake buƙata. Ka bar shi ya yi magana, ka jure shirun, kar ka yi musu da shi a kan ko ciwonsa ya kai ya kawo. "Ban san abin ya kai haka ba, na gode da ka gaya mini, ina tare da kai" ta isa a fara da ita.

Daga nan ka tambaye shi ko ya shirya yadda zai yi, ko ya tanadi wani abu, ko ya taɓa gwadawa a baya. Wanda ya taɓa gwadawa ya fi kowa zama cikin haɗari. In akwai shiri ko tanadi, wannan gaggawa ce kamar ta wanda mota ta buge: ba a barin shi shi kaɗai, ko banɗaki zai je wani ya tsaya kusa, kuma a nufi asibiti. In kuma ya riga ya sha wani abu, kar a tsaya ɗura masa manja ko madara ko sa shi amai. A ɗauke shi da kwalbar abin da ya sha a tafi sashen gaggawa nan take.

Zai ce ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba. Kar ka rantse. Ka ce masa ba za ka tallata shi ba, amma dole ku nemi mutum na uku, shi ya zaɓi wanda ya fi yarda da shi: yayarsa, kawunsa, wani malami, ma'aikacin asibitin makaranta. Ko ya yi fushi da kai, fushin zai wuce. Kai ma ɗalibi ne, kana da jarrabawa, ba za ka iya gadin mutum dare da rana kai kaɗai ba, kuma ba a so ka gwada.

Me ya sa kawar da abin cutarwa ke aiki

Za ka ji ana cewa wanda ya yi niyya ba mai hana shi. Wannan kuskure ne mai tsada. Matsanancin halin yakan zo ne kamar guguwa ya wuce. A wani bincike da aka wallafa a 2009 a Austriya, kusan rabin waɗanda suka yi yunƙuri suka rayu sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti goma ba. Tun a 1978 Richard Seiden ya bi sawun mutum 515 da aka tare a wata shahararriyar gada a San Francisco. Bayan kimanin shekara 26, kashi 94 cikin ɗari suna raye ko kuma sun yi mutuwar Allah da Annabi. A Siri Lanka, da gwamnati ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai durƙushe ba. Irin wannan tunani ne ya sa NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a 2019.

Ma'anarsa a ɗakin ɗalibi: in wani a cikinku ba ya cikin hayyacinsa, a fitar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyin magani daga ɗakin, a kai wa maƙwabci ya ajiye. Ba sai an yi shela ba.

Ina za a je? Asibitin makaranta shi ne mafi kusa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. In dare ne ko gaggawa, duk babban asibitin da ya fi kusa, kamar na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Na san abin da ke ranka: "asibitin mahaukata". Mafi yawan masu zuwa can mutane ne irina da kai, masu rashin barci, masu faɗuwar gaba, masu damuwa, su ga likita su koma aikinsu. Ciwon damuwa yana jin magani, na sha da na zaman tattaunawa. In gida sun ce aljanu ne ko sammu za a yi ruƙiyya, ba sai ka yi faɗa da su ba. A yi addu'a, a kuma je asibiti, kamar yadda ake yi wa mai taifot. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, ko ɗaure mutum da mari, ko a ce ya watsar da maganin likita.

Akwai batun doka da ke sa mutane ɓoye mara lafiya. Tsofaffin dokokin laifuka na ƙasar nan, sashe na 327 na dokar Kudu da sashe na 231 na Penal Code ta Arewa, sun ɗauki yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Gadon mulkin mallaka ne. Ingila da ta kawo shi ta soke nata tun 1961, Ghana ta soke a 2023. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, likitoci kuma na ta matsa lamba a goge waɗancan sassa. A ganina mutumin da ya kai wannan hali gadon asibiti ya dace da shi. Ko ma mene ne, tsoron 'yan sanda kar ya sa a bar mutum ya mutu a ɗaki.

In mutuwa ta riga ta faru

Awa ta farko a guruf ɗin WhatsApp ake ɓata ta. Kafin iyaye su ji, hoton gawa ya zaga, an kwafo saƙonsa na ƙarshe, an faɗi abin da ya yi amfani da shi, an yanke hukunci cewa saboda wance ne. Wannan ba rashin tausayi kaɗai ba ne, haɗari ne. Tun 1974 masanin zamantakewa David Phillips ya nuna cewa yawan masu kashe kansu kan ƙaru bayan an kururuta labarin wani a jaridu, kuma matasa sun fi saurin kwaikwayo. A cikin mutum ɗari biyu da ke guruf ɗin ajinku, akwai yiwuwar wani na tsaye a bakin ramin. In ya ga hanya dalla-dalla, ya ga mamacin ya zama tauraro na kwana uku, ka san abin da ka miƙa masa. Shugaban aji ko admin ya goge irin waɗannan saƙonni ba tare da neman izinin kowa ba. Sanarwa gajera ta wadatar: wane ya rasu, ga lokacin jana'iza, duk wanda abin ya taɓa ga wanda zai nema. Labarin da ya kamata a yaɗa shi ne na wanda ya shiga halin ya fita, don bincike ya nuna irin wannan labari kariya yake bayarwa.

A je ta'aziyya. Gidan da aka yi irin wannan rashi sau da yawa tabarmarsu ba ta cika, mutane na jin nauyi ko suna gulma a ƙofa. Haramcin abin a fili yake, a Suratun Nisa'i ma ya zo, amma jumhurun malamai sun tafi a kan cewa Musulmin da ya kashe kansa ana yi masa wanka da salla, ana roƙa masa gafara, kuma babu wanda ya san halin da hankalinsa yake ciki a lokacin sai Mahaliccinsa. Ba aikin ɗan ND 2 ba ne ya raba wa mutane makoma a Facebook alhali uwar mamacin na karantawa.

Sai waɗanda aka bari. 'Yan ɗakinsa, wanda ya fara ganin gawar, budurwar da ake nunawa da baki, abokin da ya ga kiransa bai ɗauka ba. Waɗannan "da na sani" ke cin su. In kana cikinsu, ka sani abin da ya bayyana gare ka yau bai bayyana ba a lokacin, kuma ko likitocin da suka shekara suna wannan aiki ba sa iya faɗin wa zai aikata da yaushe.

Ko harin 'yan bindiga ne, ko hatsarin mota a hanyar Kaduna, ko irin ruftawar da wani sashe na Babban Masallacin Zazzau ya yi a kan masallata a watan Agustan 2023, jiki yana da yadda yake amsa firgici. Mafarkin abin, razana da ƙaramin motsi, kasa karatu, saurin fushi, gudun wurin da abin ya faru, ko ma mutum ya ji bai jin komai har ya zargi kansa da taurin zuciya. A makonnin farko duk wannan ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yawancin mutane na warwarewa da taimakon 'yan uwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib har yau shekarar baƙin ciki ake kiran ta. In alamun sun wuce wata guda ba sauƙi, ko suna hana mutum zuwa aji, a ga likita. Haka in an haura wata shida mutum na nan kamar jiya aka yi rasuwar.

Wani abu da ba a so: a tara mutane a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani. WHO ba ta goyon bayan irin wannan zama na dole. Wanda ke son magana a saurare shi, wanda ba ya so a zauna da shi haka nan. A kawo abinci, a kwafar masa darasin da ya wuce shi, a raka shi wurin shugaban sashe in yana buƙatar a ɗaga masa gwaji. Kuma a dawo bayan sadakar bakwai da ta arba'in, lokacin da kowa ya watse. Nan ne ɗaki yake yin faɗi.

Abin da ƙungiya za ta iya

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Jiran su kaɗai ba zai fisshe mu ba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraro da taimaka wa mutum warware matsalarsa, suka riƙa zama a kan benci a harabar asibitoci, gwajin da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. A Turai, wani shiri na awa biyar kacal da aka gwada a wani bincike da ya ƙunshi makarantu 168 na ƙasashe goma ya rage yunƙurin kashe kai da kusan rabi cikin shekara ɗaya. Ba abin da zai hana ƙungiyar ɗalibai ta gayyato ma'aikatan Shika su horar da shugabannin aji da na hostel, da wakilan MSSN da na ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, maza da mata, ko da yini ɗaya ne kowane zango. Ranar 10 ga Satumba, ranar yaƙi da kashe kai ta duniya, ta dace da fara wannan. Kuɗin bai kai na daren casu ɗaya na makon ɗalibai ba.

Shi kuwa mutumin namu, washegari muka kira kawunsa, shi ya je ya tari Baba da maganar. An yi faɗa, ba a fasa ba, har kwana biyu Baba bai amsa gaisuwarsa ba. Rana ta uku ya biyo motar kasuwa ya zo Zariya da kansa, ya raka shi asibiti. Ya yi watanni yana shan magani, ya maimaita kwasa-kwasan nan biyu, ya gama bayanmu da shekara ɗaya. Da izininsa na rubuta wannan. Kalkuletar na mayar masa tun a makon, takalmin ne ya ce in riƙe, wai dama ya matse shi.